Harshen Maya a Bakin Murhu Yake

Ƙannena maza da mata, wasunku sun fara jin sunan Maya ne a 2012, lokacin da aka yi ta yayata cewa kalandarsu ta ce duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamba. Duniya ba ta tashi ba, su ma Mayawan ba su taɓa cewa za ta tashi ba. Wani dogon zagaye ne na ƙidayar kwanakinsu ya cika, wani ya soma. Abin da surutun ya bari a kawunan mutane shi ne hoton wata al'umma da ta gina dalar duwatsu a cikin kurmi, sannan ta ɓace. To, ba ta ɓace ba. Mutum wajen miliyan 6 ne ke magana da harsunan Maya a yau, a Gwatamala da kudancin Meksiko da Beliz. Suna noma, suna cin kasuwa, suna shari'ar gona, suna tura wa 'ya'yansu da ke ci-rani a Amurka saƙon murya ta WhatsApp. Duk wanda ya ƙudura niyyar zuwa koyon harshensu, wurin rayayyu za shi, kuma da shi nake magana.

Na ce harsuna, domin sun kai 30. Gwatamala kaɗai ta amince da 22 a dokarta. Akwai Mayancin Yukatan, wanda ƙidayar Meksiko ta 2020 ta samu masu jinsa kusan 775,000. Akwai K'iche' da Q'eqchi' a Gwatamala, kowanne da mutum sama da miliyan 1. Akwai Kaqchikel da Mam da Tz'utujil na bakin tafkin Atitlán, ga Tzotzil da Tzeltal a tsaunukan jihar Chiapas. Tushensu ɗaya, amma mutumin Yukatan ba ya jin abin da mai K'iche' ke faɗi, kamar yadda Bahaushe ba ya jin Bolanci ko Angasanci duk da masana sun ce dangin juna ne. Saboda haka wanda ya ce min zai je ya koyi "harshen Maya" bai gama shawara ba tukuna. Zaɓi harshe ɗaya. In ka zaɓa, zaɓi gari ɗaya, don K'iche' ɗin Nahualá daban yake da na Chichicastenango. In ka sami garin, nemi gida ɗaya ka zauna. Duk sauran abin da zan faɗa bayani ne a kan wannan.

Kada in ruɗe ku: wannan harshe ba zai sama wa kowa aiki a Kano ko Maraɗi ba. Masu tafiya dominsa su ne ɗaliban kimiyyar harshe, da masu nazarin tarihi da al'adu, da ma'aikatan lafiya, da masu binciken noma, domin a Meksiko aka fara noman masarar da muke ci, shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Akwai kuma mai son ya ga yadda al'umma ke kare harshenta daga wanda ya fi shi ƙarfi. In ba ka cikin waɗannan, sha'awa ce kawai ke jan ka, ba laifi ba ne, amma ka san sha'awa ce mai tsada.

Akwai abin da Allah ya ba ku wanda Bature ke shan wuya kafin ya samu, wato baki. Harafin da suke rubutawa k' shi ne ƙ ɗinmu. Tz' ɗinsu shi ne ts namu na tsuntsu. B' na K'iche' da Kaqchikel ɗan'uwan ɓ ne. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallaki q, don ƙaf ce ta Larabci. Mayancin Yukatan kuma yana bambanta dogon wasali da gajere, yana da karin sauti na sama da na ƙasa, abin da muka tashi da shi ba mu ma san muna yi ba. A can kaan maciji ne, ka'an sama ce, k'áan kuwa ragar da ake kwanciya a ciki. Ɗalibin da ya zo daga Amurka sai ya yi makonni kunnensa bai raba ukun nan ba. Kai a rana ɗaya za ka raba su. Sai dai wannan baiwa tana da tarko. Da zarar ka gai da tsohuwa da lafazi mai kyau za ta ɗauka ka iya, ta sako maka zance kamar ruwan Agusta, kai kuwa gaisuwar ce iyakar jarinka. Nahawun ba zai yi maka rangwame ba. Aikatau ne ke yawan zuwa a gaban jimla. A Yukatan ba ka ƙidaya abu sai ka nuna irinsa: juntúul ga mai rai, junp'éel ga marar rai, junkúul ga itace. Ƙidayarsu ta asali ashirin-ashirin take tafiya, ko da yake a kasuwannin Yukatan in an wuce uku ko huɗu sai ka ji an koma lambobin Sifaniyanci, yadda mu ma muka aro ashirin da talatin daga Larabci.

Sifaniyancin nan shi ne ƙofa, babu wata. Da shi za ka yi magana da jami'in shige da fice, da direba, da malaminka, kuma yawancin ƙamus da littattafan nahawu da shi aka rubuta su. Ka koye shi tun kana gida, aƙalla har ka iya tambaya ka fahimci amsa. Ka kuma fara harshen da ka zaɓa kafin ka tashi. Jami'ar Texas da ke Austin ta sa darussan K'iche' kyauta a intanet.

Makarantu akwai su. Jami'ar Tulane tana gudanar da kwas ɗin Kaqchikel mai suna Oxlajuj Aj a Gwatamala tun ƙarshen shekarun 1980, inda 'yan harshen ne da kansu malamai. Jami'o'in Duke da North Carolina suna da nasu na Mayancin Yukatan a lokacin hutun bazararsu. Waɗannan masu inganci ne, amma an tsara su ne da ɗaliban Amurka a rai, kuma tallafin gwamnatin Amurka da ya riƙa biya wa wasunsu bai shafi baƙo ba. Abin da ya fi dacewa da aljihunmu shi ne ƙananan makarantun Gwatamala, irin Proyecto Lingüístico Francisco Marroquín a Antigua, ko Proyecto Lingüístico Quetzalteco a Quetzaltenango, garin da kowa ke kira Xela. Tsarinsu malami ɗaya ɗalibi ɗaya, awa huɗu ko biyar a rana, sannan su haɗa ka da gidan da za ka kwana ka ci abinci.

A nan ne mutane ke yin asarar kuɗinsu ba su sani ba. Yawancin gidajen da ke karɓar ɗalibai a Antigua da Xela da Mérida ta Yukatan Sifaniyanci ake yi a cikinsu daga safe har dare, don yawancin baƙi shi suka zo koya. Za ka yi awa biyar a aji kana K'iche', ka koma gida ka yi awa goma sha tara ba ka ji kalma ɗaya ba. Kafin ka biya ko sisi, tambayi makarantar a fili: da wane harshe uwar gidan ke yi wa 'ya'yanta faɗa? Akwai tsoho ko tsohuwa a gidan? In amsar ba ta gamsar ba, ka nemi a kai ka ƙauye. Ga K'iche' akwai Nahualá da Momostenango da ƙauyukan Totonicapán. Ga Kaqchikel akwai Comalapa da Patzún da kewayen Sololá. Ga Mayancin Yukatan akwai ƙauyukan da ke kudu da Valladolid irin su Xocén, da na tsakiyar jihar Quintana Roo irin su Tihosuco. A yankin Alta Verapaz kuwa, ƙasar Q'eqchi', har yanzu akwai ɗimbin mutanen da ba sa jin Sifaniyanci sosai.

Ko a ƙauyen, ka shirya wa wani abu da zai ba ka haushi: za ka yi magana da Mayanci a amsa maka da Sifaniyanci. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Wani ɓangare karamci ne, ana son a sauƙaƙa wa baƙo. Sauran kuwa tarihi ne mai nauyi. A watan Yulin 1562, a garin Maní na Yukatan, wani limamin coci Basifane mai suna Diego de Landa ya tara littattafan Mayawa ya cinna musu wuta. Daga cikin duk littattafan da aka rubuta da tsohon rubutunsu, huɗu kaɗai suka iso zamaninmu. Shekaru aru-aru bayan haka, yaro yana shan duka ko dariya a makaranta in ya yi harshen uwarsa. A Gwatamala an yi yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996, mutum wajen 200,000 suka mutu ko suka ɓace, kuma hukumar binciken gaskiya ta 1999 ta gano cewa kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance Mayawa ne. Iyaye da yawa sun yanke shawarar kada su koya wa 'ya'yansu abin da ya jawo musu wahala. Gaskiya ne an sami sauyi: an daidaita haruffan rubutu a Gwatamala a 1987, an kafa hukumar harsunan Maya ta Gwatamala a 1990, Rigoberta Menchú, 'yar K'iche', ta karɓi lambar zaman lafiya ta Nobel a 1992, Gwatamala da Meksiko kuma sun yi dokar kare harsuna a 2003. Amma doka ba ta wanke kunya a rana ɗaya.

Ku Hausawa ya kamata ku gane wannan fiye da kowa, sai dai daga ɗaya gefen. Ku je wasu ƙauyukan Bauchi ko Filato ko kudancin Kaduna, za ku ga kaka tana magana da harshenta, jika yana amsawa da Hausa. A can mu ne masu babban harshe. A Nahualá za ka zauna a gidan waccan kakar, ka ga yadda abin yake daga ciki.

Yadda ake samun harshen a irin wannan gida shi ne ta hanyar aiki. Baƙon da ke zaune a ɗakinsa da littafi, ana kai masa abinci, ɗan haya ne, kuma Sifaniyanci ake yi wa ɗan haya. Rayuwar gidan a kan masara take juyawa. Da yamma ana dafa ta da farar ƙasa, ta kwana a jiƙe, da asuba a wanke a kai injin markaɗe, a dawo a zauna gaban murhu mai duwatsu uku ana fyaɗa ƙullun da tafin hannu ana gasawa a kasko. Gurasar nan, tortilla, sau uku ake cin ta a rana. Ke mace, kin fi ɗan'uwanki sa'a, domin wurinki yana nan a bakin murhu, inda ake gulma da tatsuniya da faɗa da lallashi, kuma inda Sifaniyanci bai cika shiga ba. Taki gurasar za ta fito a karkace, za a yi miki dariya, dariyar nan kuma ita ce takardar shigarki. Kai namiji, ka bi maigida gona, inda ake shuka masara da wake da kabewa a fili ɗaya, ka ɗauko itace, ka yi shara. Tambayar da za ka fara haddacewa ita ce "mene ne sunan wannan?" Bayanta sai "sake faɗa a hankali." Yara ƙanana malamai ne marasa tausayi, ba sa jin kunyar gaya maka ka yi kuskure. Tsofaffi kuma su ne rumbun. Ka girmama su yadda aka koya maka a gida: a tsaunukan Gwatamala ana kiran dattijo tat, dattijuwa nan, kuma K'iche' yana da lamirin girmamawa na musamman, wanda yin kuskure a kansa ya fi kuskuren nahawu muni. In akwai rediyo a gidan, roƙi a kamo tashar harshen. A Yukatan akwai XEPET da ke Peto, wadda ke watsa shiri da Mayanci tun 1982.

Littafin rubutu kuwa, ka yi hattara da shi. A garuruwan da yaƙi ya ci, baƙo mai rubuta sunayen mutane ba abin sha'awa ba ne. Ka bar rubutu sai dare a ɗakinka, ko ka nuna wa mutane abin da kake rubutawa. Kada ka tambayi kowa inda mijinta ko ɗanta ya shiga a lokacin yaƙin. In an yarda da kai, wata rana za a gaya maka ba ka tambaya ba.

Sai batun ciki da addini, wanda yawancin masu ba da shawara a can ba za su tuna da shi ba. Alade shi ne naman Yukatan. Shahararren abincinsu, cochinita pibil, alade ne. Ranar Litinin al'ada ce a dafa wake da alade. Kuma kitsensa, manteca, yana ɓoye a cikin wake da tamal da abubuwan da ido ba zai nuna maka ba. Ƙin abinci a gidan Mayawa abu ne mai zafi, kamar yadda yake a gidanmu, don haka kada ka bari sai an ajiye kwano a gabanka. Ka faɗa tun kafin ka iso, ka maimaita ranar farko, ka ce addininka ne ya hana, ba ƙyama ba. Mutane ne masu riƙe alkawarin addini, za su fahimta. Ƙwai da wake da kabewa da kifi sun ishe ka rayuwa. In ka yi marmarin nama, sayi kaza ko talotalo mai rai ka yanka da hannunka a ci tare da kai, ka sayi man gyaɗa ko makamancinsa ka ba uwar gida. Haka giya: a bukukuwa ana miƙa ta hannu da hannu, pox a Chiapas, balché a wasu bukukuwan Yukatan. Ka koyi jimlar ban haƙuri da harshensu tun da wuri. Karnuka suna yawo a tsakar gida, sai ka nemi wurin salla a ɗakinka. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Za ka tarar da 'yan Katolika, da 'yan cocin bishara, da masu bin al'adar kakanni, inda masu ƙidayar kwanaki ke riƙe da kalandar kwana 260 har yau, musamman a Momostenango. Ka yanke wa kanka tun farko iyakar abin da za ka halarta. Abin da ka tsaya ka kalla, kada ka yi masa ba'a, kuma ba wa'azi ya kawo ka ba. In kewar jam'i ta dame ka, a gefen San Cristóbal de las Casas ta Chiapas akwai 'yan Tzotzil da suka musulunta tun tsakiyar shekarun 1990, suna da masallatansu.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowace tafiya ba. Ɗalibai da yawa kowace Juma'a sai su ɗauki jaka, wannan mako Tikal, na gaba Chichén Itzá, na gaba bakin teku, a cikin motar 'yan yawon buɗe ido inda Turanci kawai ake ji. Sun ga ƙasa, harshe kuwa ya tsaya inda suka bar shi. Je ka ga kufan biranen nan sau ɗaya, sun cancanta. Amma tafiyar da ke koyar da harshe gajera ce, a cikin yankin da ake jin abin da kake koya, kuma gara ka bi wani daga gidan. Raka uwar gida kasuwa: Sololá tana ci Talata da Juma'a, Chichicastenango Alhamis da Lahadi, San Francisco el Alto Juma'a. Shiga camioneta, tsofaffin motocin makarantar Amurka da aka yi wa fenti, inda ake cusa mutum uku a kujerar biyu. A Yukatan kuma ƙananan motocin haya da ake kira colectivo. Je biki, je jana'iza, je ziyarar surukai. Awa biyu a matse tsakanin mata biyu masu kwandon tumatir sun fi mako a gaban dala. In kana Chichicastenango, ka tuna a nan ne Francisco Ximénez ya kwafi Popol Vuh, babban littafin K'iche', a farkon shekarun 1700. Amma jikokin marubutansa ne ke sayar maka da albasa a bakin cocin garin, su za ka saurara.

Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ba izini, yara kuwa ko da izini ka yi tunani. A cocin San Juan Chamula ta Chiapas an hana ɗaukar hoto kwata-kwata. A shekarar 2000, a Todos Santos Cuchumatán ta Gwatamala, jita-jitar satar yara ta sa taron mutane suka kashe wani ɗan yawon buɗe ido daga Japan da direban motarsu. Kada ka yi tafiyar dare. Damina daga Mayu zuwa Oktoba take, tana kawo zaftarewar ƙasa a hanyoyin tsauni. Xela tana sama da mita 2,300, sanyinta na dare ya fi na Jos, ka tafi da rigar sanyi. Yukatan kuma zafi da sauro, da zazzaɓin dengue. Ruwa sai tafasasshe ko na gora.

Wani abu ya shafe ku da bai shafi ɗalibin Turai ba. Kudancin Meksiko da Gwatamala hanya ce ta masu ƙoƙarin shiga Amurka ta ƙasa, cikinsu har da 'yan Afirka da dama, musamman ta garin Tapachula. Baƙar fata a cikin mota shi za a fara sauke wa ido a shingen jami'an shige da fice. Fasfo da biza da takardar makaranta su kasance a jikinka kullum, da lambar wayar gidan da kake. Meksiko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ka fara neman biza da wuri, ka kuma bincika ko ƙasar da jirginka zai yada zango tana bukatar tata bizar. A ƙauye za a kalle ka, yara za su so taɓa gashinka. Yawanci mamaki ne, kuma yana gushewa da zarar an san gidan wa kake.

Game da kuɗi, kada ka yi wa malaminka ko masu masaukinka irin cinikin kasuwar Kurmi. Baƙi sun daɗe suna zuwa suna kwashe kalmomi da tatsuniyoyi da zanen saƙa, su je su sami digiri da suna, wanda ya ba su kuwa ko kwafi bai gani ba, kuma Mayawa sun san da haka. Ka tambayi makaranta nawa ne ke isa hannun gidan daga abin da ka biya. In za ka naɗi muryar wani, nemi izini, faɗi abin da za ka yi da ita, ka bar masa kwafi a wayarsa ko ta jikansa. Mako shida zai ba ka gaisuwa da ciniki da hirar abinci da ta gona. Bin zancen tsofaffi biyu da ba da kai suke ba yana bukatar watanni, wataƙila shekara, shi ya sa in kuɗinka na tafiya ɗaya ne, gara ka jinkirta ta har ka tara na dogon zama. In ka dawo gida, ka sa ranar da za ka riƙa kiran gidan a kowane mako, ka tuna Najeriya da Nijar suna gaban Gwatamala da awa 7, kuma ka roƙi a miƙa wa tsohuwar wayar, don jikokin za su mayar da kai Sifaniyanci.